Sayar da Mota Ba Dillali: Inda 'Yan Damfara Ke Shigowa

 

Ba da daɗewa ba, mutumin da ke son rabuwa da motarsa a Kano ko Kaduna ko Sakkwato hanya biyu gare shi. Ko ya ɗora jarka a kan rufinta ya ajiye ta bakin titi, duk mai wucewa ya san ta sayarwa ce, ko kuma ya miƙa wa dillali mukulli. Mutane da yawa na ganin dillali ba abin da yake yi sai cin la'ada, amma aikinsa ya fi haka. Shi ya san mai saye, ya san unguwarsu, wani lokaci har mahaifinsa ya sani. Shi ne shaida lokacin da aka ce an sallama. A gabansa ake ƙirga kuɗi, kuma in rigima ta taso bayan wata shida, wurinsa za a koma.

Wanda ya ɗauki wayarsa ya saka hoton motarsa a intanet ya tsira da la'adarsa, wannan gaskiya ne. Sai dai ayyukan nan na dillali ba su ɓace ba, kansa suka dawo, ko ya sani ko bai sani ba.

Kasuwar intanet ɗin kuwa ta yi girma. An kafa shafin saye da sayarwa na Jiji a Legas a 2014, ya haɗiye harkokin OLX na Najeriya a 2019, sannan ya sayi Cars45 a 2021. Ga kasuwar Facebook, ga zaurukan WhatsApp inda ake tura hotunan Corolla da Camry da 406 dare da rana. Mafi yawan masu kiran waya mutanen kirki ne da ke neman abin hawa. Matsalar ita ce ɗan damfara ma da irin muryarsu yake kira, har ya fi su ladabi.

A fara da takardu, domin nan ne mutane suka fi sakaci. Motar da ke da cikakkun takardu a Najeriya tana da takardar biyan kuɗin kwastam, da shaidar mallaka, da lasisin mota na shekara-shekara, da takardar lafiyar mota ta jami'an VIO, da inshora, da rajistar 'yan sanda da ake kira CMR. Direbobi na haɗa su duka su ce fatikula. A jikinsu akwai sunan mai mota, da adireshin gidansa, da lambar mota, da lambar inji, da lambar casis. Sai ka ga bawan Allah, don ya nuna shi mai gaskiya ne, ya baje su a kan tabarma ya ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya ya tura wa mutumin da bai taɓa gani ba, saboda kawai mutumin ya ce yana so ya tabbatar kafin ya taso daga Abuja.

Me mutumin zai yi da hotunan? Abu mafi sauƙi shi ne ya buɗe sabon talla da motar wani. Yana da hotunanta, yana da takardunta, sai ya sa rabin farashi ya fara karɓar kafin alƙalami daga mutane goma a garuruwa goma. Wasu ma kakin kwastam suke sawa a hoton shafinsu su ce gwanjon hukuma ne, abin da hukumar kwastam ta sha fitowa tana gargaɗi a kai. Ranar da waɗanda aka cuta suka tashi neman haƙƙinsu, sunan da ke hannunsu da adireshin da za su bi na mai motar ne na gaskiya, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Akwai motoci da yawa a ƙasar nan da ke neman takarda ruwa a jallo. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma ba a daina fasa-ƙwaurinsu daga Kwatano ba, kuma irin waɗannan ba su da takardar kwastam. Ga kuma na sata, na gida da na waje. A watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Motar sata ba ta sayuwa da daraja sai an yi mata sabon suna, kuma hanyar yin hakan ita ce a samo bayanan wata mota irinta, launi ɗaya, shekara ɗaya, wadda takardunta ke da tsabta, a buga jabun takardu da su. Daga nan motoci biyu ke yawo da suna ɗaya.

Wani zai ce, to ai mai saye na da haƙƙin ya bincika kafin ya biya. Haka ne, kuma mai sayen da bai bincika ba shi ma ganganci ya yi. Lambar casis, mai haruffa da alƙaluma 17 a tsarin da aka tsayar tun 1981, ba wani sirri ba ce. Tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, duk wanda ya leƙa zai gan ta, kuma da ita ake duba tarihin motar da aka shigo da ita daga Amurka, ko ta taɓa haɗari ko ruwa ya taɓa cinye ta. Ba laifi a karanta wa mai saye ita bayan an yi magana an fahimci da gaske yake. Abin da ba a turawa shi ne hoton takardar kanta, mai ɗauke da suna da adireshi da hatimi da lambar rasit. Wannan sai ido da ido, a hannun mai ita, a duba a mayar masa. Ko inshora ma ba sai an ga takarda ba, da lambar mota kaɗai ana iya duba ingancinta a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID. In kuma dole sai an ba da kwafi, misali za a kai wa kwastam su tantance, sai a rubuta da biro a tsakiyar kwafin cewa don dubawa ne kawai, a sa kwanan wata da sunan wanda aka ba.

Hoton tallar ma yana buƙatar lura. A rufe lambar mota. Kada a ɗauka a ƙofar gida inda lambar gidan ko allon layin zai fito. Kuma ranar da za a je nuna mota, takardun asali su kwana a gida, kwafi ya isa. Al'adar nan ta cusa duk fatikula a aljihun gaban mota ta sa ɓarayi da dama sun samu mota da takardunta a tashi ɗaya.

Akwai wata ƙaramar dabara da ke zuwa tun a kiran farko. Mai kira zai ce ya sha haɗuwa da masu tallar ƙarya, don haka ya turo wasu lambobi shida ta saƙon tes, a karanto masa don ya san da mutum na gaske yake magana. Lambobin nan na WhatsApp ne. Da zarar an karanta, shafin ya koma wayarsa, kuma kafin magariba 'yan uwa da abokai sun fara samun saƙon neman rance da sunan mai motar. Haka abin yake ga lambar sirrin da banki ke turowa, da BVN, da lambobin jikin katin cirar kuɗi. Mai son turo kuɗi lambar asusu da sunan banki kaɗai yake buƙata.

Sai maganar biya. Tun da aka fara tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, musamman kuma bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kunnen jama'a ya saba da ƙarar shigowar alat. Wayar ta yi ƙara, an duba, an ga sunan banki da adadin kuɗi, shi ke nan hankali ya kwanta. Amma alat saƙon tes ne kawai, kuma akwai hanyoyin tura saƙo da kowane suna mutum ya ga dama ya bayyana a sama. Saƙon bogin kan faɗa cikin jerin saƙonnin bankin na gaskiya, ƙarƙashin na albashin watan jiya. Rasit ɗin da ake nunawa a fuskar waya kuwa, yaro ma zai iya haɗa shi cikin minti biyar.

Masu wannan sana'a sun san lokacinsu. Yammacin Juma'a suka fi so, ko jajibirin hutun salla, lokacin da bankuna sun rufe. Za su zo su biyu ko uku cikin shiga ta mutunci, ba za su tsananta tayi ba, abin da ya kamata ya sa mai mota ya tsargu, domin wa ya taɓa ganin mai sayen tsohuwar mota da bai kushe taya ko fenti ba? In mai motar ya ce bai ga kuɗi a asusunsa ba, amsar a shirye take: “Haba Alhaji, ai matsalar netwok ce, ga shi an cire a nawa. Mu da za mu kama hanyar Jos kafin dare.” Nan kunya ke shiga. Mutum na jin nauyin ya nuna wa dattijo mai furfura cewa bai yarda da shi ba, sai ya miƙa mukulli. A cinikin miliyoyi wannan kunyar ba ta da wuri. Kuɗi sun shiga ne idan mai mota ya buɗe manhajar bankinsa da hannunsa, a wayarsa, ya ga jimillar da ke asusun ta ƙaru, ko ma'aikacin banki ya tabbatar masa a kan kanta. Shi ya sa ya fi kyau a ƙulla cinikin da safe, ranar aiki, a harabar banki.

Cak ma haka. Dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 ga wanda ya ba da cak alhali ya san ba kuɗi a asusunsa, amma ɗaurin wani ba ya dawo da motar da ta riga ta tsallaka iyaka. Sai cak ya zama kuɗi a asusu ake sakin mota.

Damfarar da ta fi kowacce wayo ita ce wadda ɗan damfarar ba ya zuwa wurin ko kaɗan, kuma ya kamata a tsaya a kanta. A ɗauka wani ya saka motarsa a naira miliyan 9. Ɗan damfara ya kwashe hotunan ya sake tallata ta a miliyan 6. Mai saye na gaske ya gani, ya ji garaɓasa, ya kira shi. Sai ya ce masa motar tasa ce amma yana tafiya, tana hannun ƙaninsa, ya je ya duba, “sai dai don Allah kada ka yi maganar farashi da shi, akwai 'yar matsala ta gida.” Sannan ya juya ya kira mai motar na gaskiya ya ce shi dillali ne, ya amince da miliyan 9 ɗin, zai turo wani yaronsa ko abokin cinikinsa ya duba, “amma kada ka faɗa masa nawa muka yi, ka san sha'anin la'ada, in ya tambaya ka ce ni ɗan'uwanka ne.”

Mutum biyu masu gaskiya suka haɗu. Motar gaske ce, takardun gaske ne, bakanike ya duba inji ya ce lafiya lau. Kowannensu na riƙe da sirrin da aka ba shi, kowanne na ganin shi ake yi wa alfarma. Mai saye ya koma gefe ya tura miliyan 6 zuwa asusun da aka ba shi ta waya, ya dawo ya ce a ba shi mukulli. Mai mota ya ce bai ga ko kwabo ba. Aka kira lambar mutumin, a kashe. Daga nan sai cacar baki, sai taron jama'a, sai ofishin 'yan sanda, inda galibi za a riƙe motar har a gama bincike. Mai motar bai yi asarar kuɗi ba, amma ƙaryar nan guda da ya yarda ya yi, cewa mutumin ɗan'uwansa ne, ita za ta sa a ɗauke shi abokin haɗin baki.

Maganin wannan ba shi da tsada. Duk wanda ya zo duba mota, kafin a buɗe bonet, mai ita ya faɗa da bakinsa: ni ne mai motar nan, ga sunana a takarda, kuɗinta kaza, kuma asusun da ke ɗauke da wannan suna kaɗai za a biya. Duk cinikin da aka ce a ɓoye farashi tsakanin mai saye da mai sayarwa, a bar shi. Dillalan gaske ma suna cin riba a tsakani, ba a musu, amma dillalin gaske yana zuwa da ƙafarsa, kuma akwai inda za a same shi gobe.

Wani lokacin kuma kuɗin na gaske ne, sun shiga, sai dai masu datti ne. An kwashe su daga asusun wani da aka yi wa kutse, ko kuɗin fansa ne ake son a wanke, aka biya mota da su. Bayan kwana biyu mai asusun ya kai ƙara, aka bi sawun kuɗin, aka rufe asusun mai motar. Mota ta tafi, kuɗi sun maƙale, ga zirga-zirgar amsa tambayoyi. Don haka sunan da ke kan asusun da ya turo kuɗi ya zama shi ne sunan da ke kan katin shaidar mai saye da kuma takardar ciniki. In ya ce maigidansa ne zai biya, ko kuɗin za su zo kashi-kashi daga asusu huɗu, sai maigidan ya bayyana ko a rubuta hakan a sa hannu. Wanda kuma ya turo fiye da yadda aka yi ya ce kuskure ne a mayar masa da ragowar ta wani asusu daban, a bar banki ya mayar ta inda suka fito.

Mai cewa zai huta da duk wannan ya karɓi tsaba, ya san cewa dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. A farashin yau, motoci da yawa sun haura miliyan 5 ɗin nan. Ga jabun kuɗi a tsakiyar bandir, ga haɗarin a biyo mutum gida da dare a karɓe abin da aka ba shi da rana.

Gwajin mota ba ya buƙatar dogon bayani. Da rana, a wurin da jama'a suke, mai mota da wani nasa a ciki, a hanyar da shi ya zaɓa. A ga lasisin tuƙin mai gwadawa tukuna. In za a sauya direba, a kashe mota a zare mukulli kafin a fita, domin an sha barin mai mota tsaye a titi yana kallon ƙurar motarsa tun bai zagayo ɗaya ƙofar ba. Bakaniken mai saye ya zo inda motar take. Kuma kada mukulli ya ɓace wa ido, ko da na minti goma ne.

To, kuɗi sun shiga, an tabbatar. Nan mafi yawan mutane ke tafa hannu su ce Allah ya sa albarka, alhali da saura. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take magana, amma sai a sayar da motar miliyoyi ba ko takarda guda. Takardar ciniki ba sai lauya ya rubuta ba, ko da yake nasa ya fi. Ta ƙunshi cikakken sunan kowa da adireshinsa da lambar katin shaidarsa, da irin motar da launinta, da lambar mota da ta inji da ta casis, da kuɗin da aka biya da yadda aka biya, da shaidu biyu. A rubuta kwanan wata har da ƙarfe nawa aka miƙa mukulli, domin in motar ta buge mutum da yammacin ranar, sa'ar da ke kan takardar ce za ta raba gardama. A faɗi aibin motar a rubuce, in giya na fizga ko inji na shan mai, don kada a dawo bayan mako a ce an ɓoye. Kowa ya riƙe kwafi, mai sayarwa kuma ya ajiye hoton duk takardun da ya miƙa.

Sai sauya suna. Muddin ba a je ofishin rajistar motoci na jiha an yi canjin mallaka ba, a idon hukuma motar tana nan a hannun mai ita na farko. A rumbun bayanan hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC sunansa ne, a na 'yan sanda ma haka. Tsohuwar mota a ƙasar nan takan wuce hannu huɗu ko biyar da takardun mutum na farko, kowane mai saye na cewa zai canza in ya samu sarari. Ranar da aka tsinci motar a wurin fashi ko garkuwa da mutane, ko aka kama ta da kayan laifi a wani shingen bincike, ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa ta wanda sunansa ke rajista ce, ko da ya shekara bakwai rabonsa da ita. Yadda ake canjin ya ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma galibi ana neman takardar ciniki, da takardar rantsuwa daga kotu, da tsofaffin takardun motar, da shaidar mutanen biyu. Mai sayarwa mai hankali yakan sa wannan cikin sharaɗin ciniki, su je tare a fara shi kafin ya saki takardun asali. Ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa. Inshorar dole ta mai ƙaramar mota ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, ba kuɗin da zai hana sabon mai mota yankar tasa da sunansa ba ne. In akwai na'urar bin sawu a motar, ita ma a sauya mata suna, a kuma sauke tallar daga intanet a ranar.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, banki zai fara kira kafin kowa, a cikin sa'ar, domin kuɗin damfara ba sa kwana a asusu ɗaya, rarraba su ake yi a cire ta hannun masu POS. In mota ce aka gudu da ita, ofishin 'yan sanda mafi kusa, da lambar casis da ta inji a hannu, don a baza sanarwa. Kada ya goge komai a wayarsa: saƙonni, lambobin da aka kira shi da su, hoton tallar, alat ɗin bogin kansa, duk hujja ne. EFCC na da ofisoshi a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Maiduguri, rundunar 'yan sanda kuma na da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Mutane da yawa ba sa kai ƙara saboda kunyar a ce an yi musu wayo, wannan ne kuma ya sa lambar waya ɗaya da asusu ɗaya kan yi aiki a kan mutane da dama kafin a rufe su.